Ikilisiyar Da Ta Yi Ƙaura Tare Da Mutanenta

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:1-3, 18-19, Romawa 16:3-5

A karatunmu na yau mun ga Akila da matarsa Biriskilla. An kore su daga Roma bisa ga umarnin Sarki Kalaudiya, suka sauka a Koranti, daga can suka bi Bulus zuwa Afisa, daga baya kuma muka sāke samun su a Roma. Duk inda suka sauke kaya, sai ikilisiya ta tsiro a gidansu. Yau za mu dubi waɗansu da suka yi irin wannan tafiya shekaru ɗaruruwa bayan manzanni, mu ga abin da masu binciken asalin iyali suke ganowa game da su.

A ƙasashen Amurka da Kanada akwai mutane da yawa masu neman sanin kakannin kakanninsu. Sau da yawa bincikensu yakan kai su ga masu wa'azin Metodis na farko, waɗanda suke zagaya ƙauyuka a kan doki. John Wesley ne ya kafa wannan tsari a Ingila. Mai wa'azi ba ya zama wuri ɗaya, ana ba shi zagaye ne mai tashoshi da yawa. Francis Asbury, wanda ya bar Ingila ya isa Amurka a 1771, shi ya shimfiɗa tsarin a can. Bai yi aure ba, bai mallaki gida ba, yana bisa hanya har ya rasu a 1816. Lokacin isowarsa 'yan Metodis na ƙasar ɗaruruwa ne kawai, amma a shekarar mutuwarsa sun wuce 200,000.

Zagaye ɗaya yakan ci mako huɗu ko shida. Mai wa'azi yakan yi sujada a ɗakin manomi, ko a rumbu, ko a gindin itace, ya kwana inda dare ya same shi. Albashinsa dala 64 ne a shekara, aka ƙara zuwa dala 80 a 1800, idan ma kuɗin ya samu. Daga 1804 doka ta hana shi wuce shekara biyu a zagaye ɗaya. Da yawa sukan bar yawon in sun yi aure, gama kuɗin ba zai riƙe iyali ba.

Mai neman kakansa da yake mai wa'azi yakan sami sauƙi. Tun daga 1773 taron masu wa'azi yake rubuta sunan kowane ɗaya da zagayen da aka tura shi, shekara bi shekara. Yawancin irin waɗannan takardu suna ajiye a ma'ajiyar tarihin ikilisiyar, a Jami'ar Drew da take jihar New Jersey. Wahala tana wurin neman jama'ar da suka saurare shi. Sau da yawa mai wa'azi yakan rubuta baftisma da aure a ɗan littafinsa, ya sa a jakar sirdi, ya tafi da shi. Ƙidayar jama'ar Amurka kuwa kafin 1850 sunan maigida kaɗai take ɗauka. Mata da yara lamba ce kawai, bayi ma haka. Saboda haka mai bincike yakan koma ga shafin farko na Littafi Mai Tsarki na iyali, da duwatsun kabari, da takardun sayen gona, da 'yar takardar shaida wadda ake ba kowane ɗan ikilisiya bayan wata uku-uku.

In aka haɗa waɗannan guntaye, abu ɗaya yakan fito fili. Mai wa'azi yakan zo sau ɗaya a wata, sauran kwanakin kuwa talakawan masu bi ne suke riƙe da wutar. Wesley ya raba su ƙungiya-ƙungiya, kamar mutum goma sha biyu, da shugaba daga cikinsu, suna haɗuwa kowane mako domin addu'a da binciken zuciya. Idan iyalai suka tashi neman sabuwar gona, ƙungiyar takan tashi tare da su. A wurare da yawa mai wa'azi yakan iso ya tarar an riga an fara sujada.

Bari mu ɗauki misali guda. A 1709 yaƙi da matsanancin sanyi suka kori dubban mutane daga yankin Palatinate na ƙasar Jamus. Waɗansunsu aka zaunar da su a gundumar Limerick ta ƙasar Ayilan. Suka yi shekaru ba makiyayi mai jin harshensu, bangaskiyarsu ta yi sanyi, sai da masu wa'azin Wesley suka iso wurinsu. Cikin waɗanda suka tuba akwai wani kafinta, Philip Embury, wanda ya zama mai wa'azi a ƙauyensu, da 'yar'uwarsa Barbara, wadda ta auri Paul Heck.

A 1760 suka sāke ƙaura, suka haye teku zuwa New York. Can neman abinci ya sha kansu. Shekara shida Embury bai yi wa'azi ba. A 1766 Barbara ta ga yadda danginta suka lalace, har ana ba da labari cewa ta tarar da su suna karta, ta kwashe katin ta zuba a wuta. Ta tafi gidan Embury ta matsa masa, ta nuna masa cewa Allah zai nemi jinin mutanen nan a hannunsa in ya ci gaba da yin shiru. Ya yi wa'azi a ɗakinsa. Masu sauraro ba su cika yatsun hannu biyu ba, cikinsu har da wata baƙar fata mai aikin gida, sunanta Betty. A 1768 suka buɗe majami'a a titin John Street, inda har yau ake sujada.

Tafiya ba ta ƙare ba. A 1770 iyalan suka koma arewacin jihar New York domin noma, suka kafa wata ƙungiya. Embury bai daɗe ba ya rasu. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya tashi, su suna goyon bayan sarkin Ingila, sai suka rasa gonakinsu suka gudu Kanada. A 1785 suka zauna a Augusta, bakin kogin St. Lawrence, suka sāke tara ƙungiyar addu'a tun kafin a aiko musu mai wa'azi. Barbara ta rasu a can a 1804. Jamus, Ayilan, Amurka, Kanada: ƙasashe huɗu cikin shekarun da ba su kai ɗari ba, bangaskiya tana tafe cikin kayan 'yan gudun hijira.

Wannan igiya ta iso har ƙasarmu. Jacob Albright ya sami tarbiyya a irin wannan ƙungiya ta Metodis, ya shiga zagaya masu jin Jamusanci a jihar Pennsylvania. Daga ikilisiyar da ta fito daga aikinsa ne C. W. Guinter ya zo Nijeriya a 1906, aka buɗe tashar Bambur a ƙasar Muri a 1923. Ikilisiyar nan ta Amurka ta haɗu da ta Metodis a 1968. 'Yan'uwanmu na Jihar Taraba suna da rabo cikin wannan tarihi.

To, jama'ar Allah, me za mu koya?

Na fari, ƙaura ba hutu ba ce daga bin Yesu. Yau mutanenmu suna barin gida saboda neman aiki, ko karatu, ko canjin wurin aiki, waɗansu kuwa tashin hankali ne ya raba su da gonakinsu. Embury ya yi shekara shida a bakin da yake rufe domin yana baƙon wuri. Mu nawa ne muke kamarsa, dattawa a ƙauye, amma a birni ko maƙwabci bai san mu Kirista ba ne? Kada mu jira sai an gina majami'a ko an aiko fasto. Mu karɓi takardar shaida daga ikilisiyar da muka baro, mu nemi 'yan'uwa, in babu kowa mu fara da iyalinmu a tsakar gida. Iyayenmu mata, ku tuna mace ce ta tashe Embury daga barci.

Na biyu, mu rubuta sunaye tun da sauran lokaci. Wa ya fara kawo bishara ƙauyenmu? A ƙafa ya zo ko a keke? A zauren wa aka fara sujada? Wa aka fara yi wa baftisma, a wane rafi? Tsofaffin da suka san amsar suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, littattafan ikilisiya kuwa gara da ruwan sama da gobara ba su bar su ba. Bari matasa su zauna da kakanni da alƙalami a hannu. Bari magatakardan kowace ikilisiya ya yi kofi na biyu na littafin baftisma da na aure, a ajiye a wani wuri dabam. Kada a manta da matan masu bishara, da waɗanda suka ba baƙo masauki da tuwo.

Na uku, asali ba ya ceto. Yahaya Maibaftisma ya gargaɗi masu taƙama da zama zuriyar Ibrahim, Bulus kuma ya hana Timoti ɓata lokaci kan jayayyar asali marar iyaka. Mutanen Limerick jikokin masu bi ne, duk da haka sai da kowannensu ya tuba da kansa. Kakanmu mai bishara ne, madalla, amma ba za a tambaye shi a madadinmu ba.

A ƙarshe, akwai ta'aziyya. Betty suna ɗaya kawai ta bari a tarihi, dubbai kuwa ko wannan ba su bari ba. Ubangijinmu ya koya wa almajiransa, a Luka sura 10, cewa babban abin murna shi ne a rubuta sunan mutum a Sama. Wancan littafi gara ba ta cinsa, ba a kuwa tsallake mace ko yaro ko bawa a cikinsa. Mai sauraro, sunanka yana ciki?

Mu yi addu'a. Ya Uba na Sama, muna gode maka saboda bayinka da suka sha rana da ruwa har bishara ta iso mana. Ka kiyaye waɗanda suke baƙunci a yau, ka buɗe bakinsu su shaida ka a inda suka sauka. Ka sa mu miƙa wa 'ya'yanmu abin da muka karɓa. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.