Jawabi Ga Jama'ar Jiwa A Kan Iyakar Abuja Da Jihar Neja



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar iyakar da ke tsakaninmu da Jihar Neja, da hanyar da ta ratsa ta, da shingayen binciken da kuke tararwa a kanta.

Dattawan da ke nan sun san lokacin da babu wannan iyaka. A wancan zamani in an ce Abuja, garin da muke kira Suleja yanzu ake nufi, wanda Abu Ja ya kafa a 1828. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tsai da shawarar gina sabon babban birni, aka yi dokar soja mai lamba 6, aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Tsohon garin ya ba da sunansa, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, ya kuma zauna a Jihar Neja. Ku kuwa kuka faɗo cikin Birnin Tarayya, inda gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamba, 1991. Iyakar mulki ce kurum, ba ta raba zumunci ba, ba ta raba auratayya ba.

Wanda ya tashi daga Jiwa ya bi ta Dei-Dei zai isa Zuba, inda hanyarmu ta haɗu da babbar hanyar da ta taso daga Lokoja ta nufi Kaduna da Kano. Zuba tana cikin Birnin Tarayya. Da an ɗan yi gaba sai Madalla, ita kuwa ta Neja ce, har da Dutsen Zuma da kuke gani a takardar naira 100, ko da yake baƙi da yawa suna zaton na Abuja ne. Gidaje sun haɗe, har ba kowa ke iya nuna inda wannan ta ƙare waccan ta soma ba.

To, me ya kawo shingaye? Ranar Kirsimeti ta 2011 aka ta da bam a cocin St. Theresa da ke Madalla, aka yi asarar rayuka masu yawa, kuma a watan Afrilu na shekarar an kai irin wannan hari ofishin zaɓe a Suleja. Bayan haka ne aka tsananta bincike a ƙofofin Abuja. Mun san jira yana da ciwo, musamman ga mai kai dabbobi kasuwar Dei-Dei ko kayan marmari Zuba, wanda rana ke ci masa dukiya. Amma ku sani, sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zirga-zirga ko'ina cikin ƙasa. Ba a biyan ko kwabo don tsallake iyakar jiha. Mai ba da na goro da mai karɓa duka sun karya doka.

Direba, in ka iso shinge rage gudu, kunna fitilar cikin mota in dare ne, ka nuna lasin da takardun mota in an tambaye ka. Kada ka bi hannun da ba naka ba don gudun layi. 'Yan kasuwa kuma, don Allah a janye kaya daga bakin kwalta.

Akwai wata magana mai nauyi. Ranar 18 ga Janairu, 2025, tankar fetur ta kife a mararrabar Dikko, gaba da Suleja. Mutane suka taho da jarkoki da bokitai ɗibar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka rasu. Tankoki irin wannan suna bi ta Zuba dare da rana. In ɗaya ta faɗi, ku yi nesa da ita, ku kori yara, kada a kunna ashana ko injin, a sanar da 'yan sanda ko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra nan take.

Masu unguwanni su kai wannan saƙo masallatai da majami'u da tashoshin mota. Allah ya ja zamanin Sarki. Wassalamu alaikum.