Jawabin Yaye Ɗaliban Aikin Jinya da Ungozoma



'Ya'yana da ake yayewa yau, na san a cikinku akwai wadda tun tana firamare take sha'awar farin kaya, akwai kuma wanda makin JAMB ne ya hana shi karatun likita ya faɗo nan. Ban bambanta ku ba. Florence Nightingale ta ce a 1837 ta ji Allah ya kira ta zuwa hidimarsa. Yawancinmu kuwa ba mu ji wata murya ba. Sai da muka kwana a ɗakin haihuwa, aka ɗauke wuta, muka karɓi jariri da fitilar waya, kakarsa na ta salati a bakin ƙofa, sannan muka gane Allah ne ya ajiye mu a wurin.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sa ilimin magani cikin farillan kifaya: garin da ya rasa mai yi, kowa ya ɗauki alhaki; idan wasu suka tsaya, sun sauke wa saura. To ku ne kuka tsaya mana. Aikin kuma yana da asali. A yaƙin Khandaƙ kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa aka kwantar da shi a tantin Rufaida cikin masallacin Madina, ita ke jinyarsa. A zamaninmu, cikin Yulin 2014 a Legas, Dakta Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamar mutumin da ya shigo da Ebola duk da matsin da aka yi mata. Cutar ta kama ta, ta rasu a watan Agusta. Mutum 8 cutar ta kashe a Najeriya. Da ta buɗe ƙofar nan, Allah kaɗai ya san adadin.

Ranka ya daɗe Kwamishinan Lafiya, a gafarce ni. An saba ce wa ma'aikacin jinya ladansa na lahira, alhali yana bin bashin albashi. Lada na wurin Allah, albashi kuwa na wuyan gwamnati. Idan ana so yaran nan su zauna a asibitocin karkara maimakon neman bizar Ingila ko Saudiyya, a ba su hakkinsu kan kari, a ba su safar hannu da ruwa.

Allah ya sanya albarka a hannuwanku. Shugabar makaranta, bismilla, a fara kiran sunaye.