Tsohuwar Tafireta da Takardun Ikilisiya

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da sakatarorin ikilisiyoyi na yankin Kura da Bunkure



Maganarmu ta yau a kan tafireta ce, wato keken rubutu. A ɗakunan ajiya na majami'unmu da gidajen masu bishara akwai su jibge cikin ƙura: Olympia ta Jamus, Olivetti ta Italiya, Imperial ta Ingila. Kamfanin Remington na Amurka ya fara sayar da irin wannan na'ura a 1874. A 2011 labari ya bazu cewa kamfanin Godrej na Indiya, ɗaya daga cikin na ƙarshe, ya daina ƙera ta. A Turai da Amurka akwai masu tara su don sha'awa, suna gyarawa, suna rubuta wasiƙu da su. Mu kuwa muna miƙa namu ga 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai kai na mudun shinkafa biyu ba.

Muna roƙo a daina. Da waɗannan na'urori iyayenmu suka buga sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, da takardun aure, da rahoton taron dattawa, da yarjejeniyar filaye. Yawancinsu ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai sakatare ya gama bugawa ya bi da biro yana sa lanƙwasa. Yakan kuma sa takardar kabon, a sami kwafi biyu ko uku: ɗaya na ikilisiya, ɗaya na gunduma, ɗaya na mai unguwa ko dagaci.

Ku lura da wannan kwafin. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya kankama, ƙasa ta yi daraja. Filin da aka ba mu kyauta da baki a zamanin kakanni, yau kowa ya san kuɗinsa. Wanda ya bayar ya rasu, shaidu sun rasu. Mu 'yan kaɗan ne a nan, kuma muna son zaman lafiya da maƙwabtanmu. In magada suka zo da tambaya, ba gardama za ta raba mu ba, sai takarda mai kwanan wata da sa hannu.

Ku karanta Irmiya sura 36. Baruk ya rubuta saƙon annabi, sarki Yehoyakim ya yayyanke littafin ya jefa a wuta, Allah ya sa aka sāke rubutawa. Namu ba wuta ce ke cinye su ba, gara ce da yoyon rufi da sakaci.

Ga abin da muke roƙon kowace ikilisiya:

Na ɗaya, a fito da tafiretar, a kakkaɓe ta, a goge haruffan da tsohon buroshin haƙori. Kada a zuba mata baƙin mai ko man gyaɗa. Ɗigon man keken ɗinki ya isa. A ɗinka mata murfi saboda ƙurar hunturu.

Na biyu, a tattara duk takardar da aka buga da ita a akwatin ƙarfe, a ɗora shi sama da ƙasa. Matasa su ɗauki hoton kowace da waya, amma kada a yar da ta asali, gama waya takan ɓata ko ta lalace.

Na uku, wadda ke aiki a yi amfani da ita. Ba ta neman wutar lantarki ko caji. A zauna da tsofaffin da suka rage, su faɗi yadda bishara ta shigo ƙauyensu da wanda ya ba da fili, yaro ya buga, a karanta musu, su sa hannu ko su dangwala yatsa.

Ikilisiyar da ke da biyu ta ba wadda ba ta da ko ɗaya. A taro na gaba kowane sakatare ya zo da rahoton abin da ya samu.

Ubangiji ya taimake mu mu riƙe amanar da aka bar mana. Amin.