Burukutu da Aka Ƙara wa Ogogoro

Wani mai sauraronmu daga Kafanchan, mai fataucin dawa, ya rubuto cewa wasu masu sayen dawarsa suna zuba ogogoro a burukutu don ta yi ƙarfi. Yana tambaya, shin kwalbar awo ta masu dafa giya za ta nuna ƙarfin?

To malam, ba za ta nuna ba. Nauyin ruwa kawai take aunawa. Ruwa zalla 1.000 ne, zaƙin tsiron dawa yana ɗaga awon, barasa kuwa tana sauke shi, don nauyinta kusan 0.79 ne. Daga bambancin awon farko da na bayan ta tsima ake gane ƙarfi. In an zuba ogogoro awon zai ɗan sauka, amma saukar ba ta kai ƙarfin da aka ƙara ba. Ga lissafi: lita 10 mai kashi 4 cikin ɗari, a zuba mata lita 1 mai kashi 40, ta haura kashi 7. Kusan ninki ke nan, mai sha bai sani ba.

Abin tsoron ma, kwalbar ba ta gane gubar mitanol. A 2015 gurɓataccen ogogoro ya kashe mutane da dama a Ode-Irele ta Jihar Ondo. Wanda ya sha ya ji ganinsa na dusashewa, a garzaya da shi asibiti, kada a jira gari ya waye.