Darasi Daga Saɓanin Kiristoci A Kan Dabba Mai Lamba 666

(Jawabin da aka gabatar a taron wa'azi na wata-wata a Wonaka)

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin gaibu Shi kaɗai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a yau za mu duba wani saɓani da ya daɗe tsakanin maƙwabtanmu Kiristoci, domin mu ɗauki darasi, ba domin izgili ba.

A littafin ƙarshe na Baibul, wato Wahayin Yahaya, babi na 13, an siffanta wata dabba mai kai bakwai da ƙaho goma, wadda ake sanya wa mutane alamarta, lambarta kuma 666. To, wace ce wannan dabba? A nan malamansu suka rarrabu.

Kashi na farko sun ce abin ya riga ya wuce, dabbar ita ce Sarki Nero na Rum, wanda ya azabtar da Kiristoci, ya mutu a shekara ta 68 Miladiyya. Hujjarsu ita ce, idan aka rubuta sunansa da haruffan Ibrananci aka yi hisabi irin na abajada, 666 ke fitowa. Kashi na biyu sun ce tana tafe ne cikin tarihi. Martin Luther na Jamus, a ƙarni na 16, ya ɗora siffar magabcin Almasihu a kan kujerar Paparoma. Kashi na uku sun ce ba ta zo ba tukuna, sai dab da tashin duniya. Kashi na huɗu suka ce ba mutum ɗaya ake nufi ba, misali ne na kowace azzalumar daula. Ita kanta lambar ma, akwai tsoffin kwafe da suka kawo 616. Tun wajen shekara ta 180, malaminsu Irenaeus ya ambaci wannan, ya kuma yi gargaɗi cewa jira ya fi kintacen suna.

Da an bi shawararsa, da an huta. William Miller na Amurka ya ɗauki kwanaki 2,300 da ke Littafin Daniyel, babi na 8, a matsayin shekaru, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba, 1844, ranar dawowar Almasihu. Wasu suka bar amfanin gona ba girbi. Gari ya waye, ba abin da ya faru. Haka a 2020, lokacin annobar korona, wasu masu wa'azi suka ce allurar rigakafi ce alamar dabbar, wasu fastoci suka ƙaryata su.

'Yan'uwa, kada mu ce wannan ciwon gidan wani ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sai da ya fito fili ya ce ba shi ne Mahadi ba. Duk da haka a 1906 da'awar Mahadiyya ta tashi a Satiru kusa da Sakkwato, Turawa suka rushe garin, rayuka masu yawa suka salwanta.

Mun yi imani da fitowar Dujal da saukowar Annabi Isa (A.S.) kamar yadda ingantattun hadisai suka zo da su. Amma da Jibrilu ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) lokacin Alƙiyama, bai yanka masa rana ba. Saboda haka duk wanda ya turo mana saƙo a waya cewa wane ne Dujal, ko shekara kaza duniya za ta tashi, mu tambaye shi nassi. In babu, kada mu yaɗa, kada kuma mu fasa noma ko kai yara asibiti.

Allah Ya tsare mu daga fitinar Dujal, Ya tabbatar da mu a kan Sunna. Amin.