Dambe, Shuri ko Kokawa: Wanne Ke Kai Mutum Gida Lafiya?

 

Duk wanda ya zauna rumfar mai shayi a Konni, ko Illela, ko Maigatari ranar kasuwa, ya san gardamar da samari ke yi yanzu. A ciro waya, a kunna bidiyon faɗan nan da ake yi cikin keji, sai musu ya kaure: wannan ya ce dambenmu na gargajiya ya fi, wancan ya ce damben Turawa, wani ya ce ai mai shuri da ƙafa shi ne gwani. To, yau bari mu baje su a faifai, domin wasu na ɗaukar abin da suka gani a waya su tafi da shi hanyar daji, inda ba alƙalin wasa.

Mu fara da namu. Ɗan damben gargajiya yana naɗe hannu guda da zare, shi ne makaminsa, ɗayan kuma yana miƙe shi gaba, yana auna nisa yana karewa. Turmi uku ake yi, kuma wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan. Abin da dambe ke koyarwa babba ne: zuciya, sanin nisa, da haƙurin jiran lokacin da za a saki hannu sau ɗaya a gama. Ba banza Ɗan Anace ya yi ta wasa Shago ba. Amma tsayuwar ɗan dambe a buɗe take, ƙafafu a ware, kuma hannu ɗaya ne ke aikin duka. Wanda ya iya kama ƙafa zai same shi da sauƙi.

Damben Turawa kuwa hannu biyu ne ke aiki, da kaucewa da kai, da sauya ƙafa. A cikin duk salon duka, shi ne ya fi saurin koya wa mutum yadda zai kare fuskarsa. Da shi Isaka Dabore ya kawo wa Nijar lambarta ta farko a gasar Olamfik, ta tagulla, a 1972. Gazawarsa ita ce bai san abin da ke ƙasa da ƙugu ba. Ga kuma wani abu: safar hannun nan mai kauri hannun mai duka take karewa. Ka cire ta ka naushi goshin mutum, ƙashin bayan ƙaramin yatsanka ne zai fara karyewa. Makiyayi da karyayyen hannu, wa zai ja masa guga a rijiya?

Damben ƙasar Tailan, wanda ake kira Muay Thai, shi ne mai makamai takwas: dunƙule biyu, gwiwar hannu biyu, gwiwar ƙafa biyu, ƙwauri biyu. Suna riƙe wuyan mutum su sa masa gwiwa, suna saran cinya da ƙwauri har ƙafa ta ƙi ɗaukar mai ita. A faɗan keji, wannan salo ya fi sauran cika.

Sai tekwando na Koriya, sarkin shuri. Da shi Abdurrazak Isufu Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Gwaninta ce ta gaske. Sai dai shuri sama yana son fili mai kyau da wando mai sauƙi. Kai da ke cikin yashi ko taɓon kasuwar shanu, da babbar riga da takalmin roba, ka ɗaga ƙafa ɗaya sama, to ka bar wa ɗaya duk nauyinka, turi kaɗan ya ishe ka.

To wanne ya fi? Labarin Francis Ngannou zai ba mu amsa. Ɗan Kamaru ne daga Batie, wanda ya yi aikin haƙar yashi yana yaro, ya kuma ratsa Nijeriya da Nijar da Aljeriya har Maroko kafin ya tsallaka Turai. Kowa ya san nauyin hannunsa. A 2018 ya nemi kambun ajin masu nauyi na UFC a hannun Stipe Miocic. Miocic bai tsaya musayar naushi da shi ba, sai ya yi ta kayar da shi ƙasa yana danne shi, har turmi biyar suka ƙare Ngannou ya gaji liƙis, ya sha kaye. Ya koma ya koyi yadda ake hana kamu. A 2021 suka sake haɗuwa, Miocic ya kai kamu ya kasa, Ngannou ya gama da shi a turmi na biyu. Hannun na da ne, kokawar da ya ƙara ita ce ta ba hannun damar aiki. Saboda haka ku samarin da kuka tashi kuna kokawa a dandali, kada ku raina abinku. Iya tsayuwa da ƙafa biyu lokacin da ake ƙoƙarin kayar da kai ya fi kowane shuri mai ban sha'awa.

Yanzu ga inda na fi so ku kasa kunne. Duk waɗanda na lissafa, a fili mai doka suke faɗa: mutum ɗaya da mutum ɗaya, ba wuƙa, ga alƙali. Hanyar dawowa daga kasuwa da kuɗin sa a aljihu ba haka take ba. Wanda ya tare ka bai zo shi kaɗai ba, bai kuma zo hannu rabbana ba. Babu wani salo, na gida ko na waje, da ke tare harsashi, kuma wuƙa ba ta tambayar turmi nawa ka taɓa ci. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Idan an nuna maka makami don kuɗi, ba da kuɗin. Ana sake tara dukiya, rai kuwa guda ne.

Akwai kuma ɗaya gefen. Gardama kan ciniki, ko kan layin shayar da dabbobi, ko kan saniyar da ta shiga gona, naushi ɗaya ya isa ya jefar da mutum, ƙeyarsa ta bugi dutse ko bakin rijiya, shi ke nan. Kai da ka fito neman abincin iyali sai ka tsinci kanka hannun jandarma ko 'yan sanda, a ƙasar da wataƙila ba taka ba, gaba kuma ta gadar wa rugage biyu.

Shawarata ita ce, mai son koyo ya koya, amma wurin malami, inda ake gwada juna da kayan kariya, ba daga waya ba. Ya haɗa hannun damben Turawa da kokawar da ya gada. Kariyar kai ta gaskiya kuwa tun kafin faɗa take farawa: ku yi tafiya a ayari, ku baro kasuwa da sauran rana, kada a ƙirga kuɗi a idon jama'a, a kai gardama gaban ardo ko sarkin kasuwa tun tana ƙarama. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.