Kiwon Kifin Gurami a Akwatin Gilashi da Hanyar Hayayyafarsa



Abin da wannan lacca ta ƙunsa shi ne bayani a kan wani kifi da ake kira gurami, da yadda ake kiwonsa a gida domin ƙawa, da hanyar da ake bi har ya hayayyafa. Mai yiwuwa wani ya ga al'amarin ƙarami ne. To, amma duk wanda ya raba mai rai da mazauninsa ya tsare shi a akwatin gilashi, ya ɗauki nauyin iskarsa da abincinsa da lafiyarsa, kuma da yawa daga cikin kifayen da ke mutuwa a hannun sababbin masu kiwo rashin sani ne ajalinsu.

Asalin gurami kudancin Asiya ne da kudu maso gabashinta, watau tun daga Pakistan da Indiya da Bangaladash har zuwa Tailan da Maleshiya da Indunusiya. Yana zaune a fadamu da gonakin shinkafa da kududdufai masu yawan ciyawa. Irinsa yana da yawa. Akwai ƙato wanda tsawonsa kan kai santimita 70, wanda mutanen Indunusiya ke kiwo domin ci. Akwai mai ɗigo uku, wanda a haƙiƙa ɗigo biyu ne a jikinsa, ido ne cikon na ukun. Akwai mai ɗigon lu'ulu'u, mai tsawon wajen santimita 12. Sa'an nan akwai ɗan ƙarami mai ratsin ja da shuɗi, wanda masani Francis Hamilton ya bayyana a 1822 cikin kifayen kogin Ganjis. Wani ɗan'uwansu kuma, da ake wa laƙabi da kifin aljanna, ya isa Faransa a 1869, inda Pierre Carbonnier ya hayayyafar da shi a birnin Faris, ya zama yana cikin kifayen ƙawa na farko da Turai ta sani daga ƙasashen waje.

Kafin a fahimci kiwon gurami, lalle ne a fahimci numfashinsa. Ruwan da ke kwance cikin zafi iskar oksijin ta cikinsa kaɗan ce. Saboda haka gurami yana da wata gaɓa mai ninki-ninki a cikin kansa, cike da ƙananan hanyoyin jini, wadda yake shaƙar iskar sarari da ita. Shi ya sa ake ganinsa jifa-jifa yana tasowa yana kamfatar iska. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tarwaɗa da gaiwa, domin su ma suna shaƙar iskar sarari, ko da yake kowanne da irin gaɓarsa. Darasin da ke ciki shi ne kada a cika akwati maƙil, kada kuma a bar ciyawa ta rufe saman ruwa ruf, domin gurami da aka hana tasowa yana iya mutuwa a cikin ruwan da yake zaune.

Namiji da mace na ƙaramin iri sun wadatu da akwati mai cin lita 60, amma mai lu'ulu'u da mai ɗigo uku suna bukatar lita 100 ko fiye. Zafin ruwa ya kasance tsakanin digiri 24 da 28 a ma'aunin santigirad. Da hunturu ana bukatar na'urar ɗumama ruwa, da bazara kuwa a nisanta akwati da tagar da rana ke bugawa. Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kulorin, don haka sai an kashe kaifinsa da maganin da aka tanada kafin a zuba. Bugu da ƙari, kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da sinadarin amoniya mai guba. Wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke zama a cikin matatar ruwa su ke sarrafa shi ya koma abu mai sauƙin illa, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a sabon akwati. Wanda ya yi gaggawar zuba kifi da yawa kafin wannan lokaci, hasara zai kwasa. Bayan haka a riƙa sake kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, a kuma ba da abinci gwargwadon abin da za su cinye cikin 'yan mintoci. Kada a haɗa maza biyu a ƙaramin akwati, domin mai ƙarfi ba zai bar rarrauna ya sarara ba.

Batun hayayyafa kuwa, nan ne abin mamakin yake. A galibin irin da ake kiwo a gida, namiji ne ke gina sheƙa, kuma da kumfa yake gina ta. Yakan kamfaci iska ya lulluɓe ta da yauƙin bakinsa, ya yi ta furzarwa a ƙarƙashin ganyen da ke yawo a saman ruwa, kamar kainuwa, har kumfar ta taru. Mai kiwo sai ya ware akwati dabam, ya rage zurfin ruwa zuwa santimita 15 ko 20, ya ɗaga zafinsa zuwa wajen digiri 28, ya kuma rage ƙarfin matata don kada motsin ruwa ya wargaza sheƙar. Kafin nan a ƙosar da su da abinci mai rai, kamar ƙananan tsutsotsi, har cikin macen ya cika da ƙwai.

In mace ta yarda, sai ta zo ƙarƙashin sheƙa, namiji ya naɗe ta da jikinsa, ta saki ƙwai shi kuma ya barbare su. Sukan maimaita haka sau da yawa har ƙwai ya kai ɗaruruwa. Namijin ne ke tsince waɗanda suka warwatsu da bakinsa ya mayar cikin kumfa. Daga nan sai ya juya wa macen da faɗa, saboda haka wajibi ne a cire ta nan da nan. Ƙwai yakan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu, bayan wajen kwana uku kuma 'ya'yan su fara iyo da kansu. A lokacin sai a cire uban shi ma, don kada ya cinye su.

Mafi wuyar aiki shi ne rainon 'ya'yan. Bakinsu ƙanƙane ne ainun, sai an fara musu da ƙananan halittun ruwa waɗanda ido bai cika gani ba, ko ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai da aka dama, amma kaɗan ƙwarai, domin tana saurin ɓata ruwa. Har ila yau, gaɓar numfashin nan ba ta kammala sai bayan 'yan makonni, kuma iska mai sanyi tana yi musu lahani a wannan tsakani. Don haka a rufe akwati, iskar da ke tsakanin ruwa da murfi ta zauna da ɗumi da laima.

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, ƙaramin iri yana fama da wata cuta ta ƙwayar bairos wadda ba ta da magani, saboda haka duk sabon kifi a keɓe shi na 'yan makonni kafin a haɗa shi da na gida. Na biyu, wanda 'ya'yan kifi suka yi wa yawa kada ya zuba su a kogi ko tafki. Mai ɗigo uku ya riga ya kafu a wasu ruwayen arewacin Ostareliya, inda ba asalinsa ba ne, kuma baƙon kifi in ya kafu fitar da shi aiki ne ja.

A taƙaice, kiwon gurami yana bukatar sanin mazauninsa na asali, da tsabtar ruwa, da haƙuri. Ɗalibin kimiyyar halittu da ya lazimci waɗannan zai ga numfashi da barbara da rainon uba da idonsa, a cikin ɗakinsa.